Mugun miji da gidan tsintattu: me muke nema a littattafan baƙar soyayya?

Ummu_Haidar
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da magana, don Allah kada a yi mini dariya. Jiya sai ƙarfe 3 na dare na ajiye waya, shi ma don caji ya ƙare ne, tun la'asar ba mu ga wuta ba a layinmu nan Tudun Wadar Kaduna. Wani littafi ne na biya ₦500 aka sa ni a guruf ɗinsa. Ba zan faɗi sunansa ba, kada a ce talla nake ko ɓatanci. Irin na baƙar soyayyar nan ne da ake yayi: namijin ya tashi a hannun matar uba, ta gana masa azaba, ya girma ba ya dariya, ba ya barci sai ya sha wani abu. Aka aura masa marainiya. Mari, kulle ɗaki, ƙwace waya, babu wanda bai yi mata ba. Ta gudu da ciki wata 3.

To daga nan ne littafin ya kama ni. Ta faɗa wani gidan haya mai ɗaki 8 da banɗaki ɗaya. Akwai tsohuwa mai ƙosai da 'ya'yanta suka watsar, akwai bakanike da bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba, da wata bazawara mai kitso, da almajirin da ke yi musu wanke-wanke. Ba wanda ya haɗa jini da wani. Daren da naƙuda ta kama ta, lungun ya cika da ruwa mota ba ta shiga, bakaniken ya kwance ƙyauren ɗakinsa aka ɗauko ta a kai har bakin titi. Wallahi sai da na yi kuka. Amma a ƙarshe me? Mijin ya zo ya durƙusa, aka yi feji biyu yana hawaye, ta haɗa kayanta ta bi shi. Tsohuwar aka ba ta kujerar Makka, shi ke nan an sallame ta.

Tambayata biyu ce. Mu masu karanta irin waɗannan, soyayyar muke bi ko wannan gidan? Sannan ƙanwata mai shekara 16 ta gan ni da shi tana ta naci in tura mata. In ba ta?

Zee_Malali
Ni dai ba zan yi ƙarya ba, miskilin nake bi. In jarumi ya cika fara'a tun feji na farko barci yake sa ni. 😂

Maman_Iman
Kada ki ba ta. Mun gama da wannan, a ci gaba da ɗayar.

Abban_Sadiq_Kawo
Ku gafarce ni mata, amma akwai abin da na daɗe ina lura da shi a wayar maiɗakina. Mugun nan kullum mai kuɗi ne. Ko soja mai muƙami, ko likita, ko ɗan sarki, ko mai kamfani a Abuja da Dubai. A ɗauki halin nan nasa kaf, marin da kullen da shaye-shayen, a ɗora wa mai tuƙa Keke daga Kawo zuwa Kasuwa, mu gani ko za a samu mai ce masa miskili. Ɗan iska za ku kira shi, kuma feji na 5 ba zai kai ba za ku ce a raba auren. Ba raunin zuciyarsa kuke tausayi ba, motar ce.

Zee_Malali
@Abban_Sadiq_Kawo Yaya ka taɓo mu, amma ai labari ne. Wa zai biya kuɗi ya karanta talauci, ga shi muna kwana da shi muna tashi da shi?

Ummu_Haidar
@Zee_Malali ai ni talaucin ne ya sa ni kuka, shi ya sa na kawo maganar. Babin gidan hayar babu ko mota ɗaya a ciki.

Alƙalamin_Jidda
Bari mai abin ta yi magana, tunda ni rubutun nake yi. Ba ni na rubuta wanda Ummu Haidar take faɗa ba, amma na san dalilin da ya sa 'yar'uwata ta ƙare shi haka.

Mu fa ba a ɗaki muke gama littafi mu kai maɗaba'a ba kamar iyayenmu na da. Kullum sai ka yi taifin ka saki feji, kafin ka yi sallar isha'i sharhi ya cika guruf. Ka saki na kyauta kamar 15 ko 20, sannan ka ce mai son ci gaba ya turo shaidar biya. Idan ba ka ɗaure mai karatu a waɗannan na kyautar ba, ka yi asarar data da idonka. Na taɓa rubuta jarumi malamin firamare, mai haƙuri, mai taya matarsa tsintar shinkafa. Guruf ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Littafi na gaba na sa jarumin ya watsa wa yarinya shayi a feji na 2, sai ga mutane suna zaginsa suna tambayar lambar asusu. Ku ne kasuwar. Kuma da zan raba su a ƙarshe, ku ɗin nan ne za ku biyo ni ta bayan fage kuna cewa na cuce ku.

Abban_Sadiq_Kawo
To Malama, mai sayar da kayan maye ma abin da yake cewa ke nan, mutane ne ke so.

Alƙalamin_Jidda
Haba Malam, wannan kwatancen ya yi nauyi. Allah ya huci zuciyarka.

Hajiya_Kakuri
Yara kuna magana kamar yau aka fara. Ni na yi zamanin hayar littafi, ka kai 'yan sulallanka ka karɓo ɗaya, ka dawo da shi gobe da bangon da aka ɗinke da zare. Ana ce musu Adabin Kasuwar Kano, kuma irin zagin da kuke sha yanzu, @Alƙalamin_Jidda, sun sha wanda ya fi shi. A 2007 har tara littattafai aka yi a Kano aka cinna musu wuta da sunan gyaran tarbiyya, lokacin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin jihar. An daina karantawa? Sai ma aka koma waya inda ba mai iya ƙonawa.

Amma akwai bambanci, kuma shi nake so ku duba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne tun 1990. Mijin ciki mugu ne na gaske, ya kori matarsa da 'ya'ya saboda wata. Marubuciyar ba ta ɓoye muguntar ba, amma ba ta shafa mata hoda ta ce mana soyayya ce ba. Matar ta tashi ta kama sana'ar abinci ta riƙe 'ya'yanta. Duhu ba baƙonmu ba ne a rubutu. Abin da yake sabo shi ne a ce wa yarinya marin alamar so ne.

Ɗan_Zazzau
Hajiya, ƙarin bayani kawai: littafin nan har Turanci an mayar da shi, a Indiya aka buga fassarar a 2012. Ina faɗa ne don masu raina rubutun Hausa.

Hajiya_Kakuri
Madalla ɗana, ban ma sani ba.

Sista_Rahma
Ni ma'aikaciyar jinya ce ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ina karanta littattafan nan, ba zan yi munafunci ba. Abu ɗaya ne yake tayar mini da hankali: yadda ake warkar da jarumi. Mutum ya shekara 10 yana shan kodin da ƙwaya, sai yarinya ta yi masa kuka ta dafa masa shayi mai kanumfari, gobe ya tashi ya zubar da kwalaben. Wallahi ba haka abin yake ba. Mai barin irin waɗannan yana yin amai, zawo, ciwon gaɓoɓi, gumi, ya kwana bai runtsa ba. Kuma komawa ruwa bayan an bari abu ne da muke gani kullum, ba ya nufin mutum ya lalace har abada. Tun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton nan na BBC, amma wanda ya riga ya kamu doka ba ta cire masa shi daga jiki. Asibiti ne, magani ne, zama da likita ne, da dangi masu haƙuri. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa, ba sai an je wata ƙasa ba. Ban taɓa ganin marubuciya ta kai jaruminta can ya bi layi ya karɓi kati ba.

Sannan batun yarinyar da aka kulle ta dawo tana son wanda ya kulle ta. Sunan da ake kiran abin, wato Stockholm syndrome, ya samo asali daga fashin banki da aka yi a Stockholm ta Suwidin a 1973, aka tsare ma'aikata 4 kwana 6, suka fito suna kare waɗanda suka tsare su. Dabarar tsira ce ta wanda ransa ke hannun wani. In an rubuta shi a matsayin haka, ni ba ni da ja. In an sa masa fure aka ce so ne, a nan muke rabuwa.

Zee_Malali
Sista kin sa na ji kunya wallahi. Amma dai zan ƙarasa wanda nake kai.

Fati_Mando
Don Allah mai dokumen ɗin littafin ya taimaka ya turo mini ta bayan fage 🙏

Admin_Anti_Bilki
@Fati_Mando ba a raba littafin kuɗi a gidan nan, doka ta 3 ce. Haƙƙin mutane ne. A koma kan magana.

Alƙalamin_Jidda
Allah ya saka Anti. Ka kwana kana taifin da babban yatsa, kafin azahar an haɗa shi dokumen yana yawo, wani ma ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗin ko gaisuwa babu. OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai a intanet da wasu suka dogara da shi, ya rufe a ƙarshen 2023. Sai a bar mu da ɗari biyar ɗin da muke samu.

Malam_Unguwar_Sarki
Ni ɓangaren gidan tsintattun ne zan ce wani abu a kai, don na ga kowa ya yabe shi ba tare da dubawa ba. Asalin abin alheri ne, kuma namu ne. Annabi (SAW) ya haɗa 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar a Madina, mutanen da ba dangin iya ba na baba. Ya kuma ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya haɗa yatsunsa biyu. Amma akwai iyaka. Zaidu ɗan Harisa ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu har aya ta sauka a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Ɗan riƙo ba ya zama ɗan cikinka, ba ya gado sai dai wasiyya ko kyauta, kuma in ya balaga ba muharrami ba ne, sai in shayarwa ta shiga tsakani. A littattafan nan sai ka ga baligi da baliga a ɗaki ɗaya da sunan "ai Yayana ne", alhali a tasha suka haɗu. Marubuta su kula da wannan.

Ummu_Haidar
Gaskiya ne Malam. A wannan dai kowa da ɗakinsa, kuma tsohuwar ba ta barin bakaniken ya wuce bakin labule.

Maman_Iman
Ni ko gidan ma ban yarda da shi ba. Tsintacciyar mage ba ta mage. Littafi ne kawai zai nuna maka baƙo ya fi naka. Ana koya wa yara cewa in gida ya yi zafi su fita, za su tarar da mutanen kirki a waje suna jiransu. Wacce ta gudu a gaske, mun san inda take ƙarewa.

Ɗan_Rigasa_2000
@Maman_Iman Anti, da girmamawa, ban yarda ba. Ni ba na karanta littattafan nan, matata ce ta nuna mini muhawarar, amma wannan karin maganar ta sa dole in yi rubutu.

A kudancin garin Kaduna aka haife ni, tsallaken kogi. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Rikicin watan Fabrairu na 2000 ina da shekara 9. Baba ya fita da safe bai dawo ba, har yau. Matar da ke ɗakin da ke kallon namu, Kirista ce daga kudancin jihar, muna ce mata Mama. Ita ta tura mu ƙarƙashin gadonta, ni da ƙannena biyu da mahaifiyarmu, ta jawo buhunan masara ta tare bakin gadon, ta zauna a ƙofa tana tankaɗe kamar ba komai. Ina jin ƙarar rariyar har yanzu. Kwana 2 muka yi a nan kafin sojoji su kwashe mu zuwa bariki.

Da muka dawo Rigasa, dangin Baba sun zo gaisuwa sun tafi, ban zarge su ba, kowa da nauyinsa. Wanda ya riƙe mu wani mai shayi ne da ya ba mu shagonsa na baya, da wata tsohuwa da ta rasa ɗanta a rikicin, ta ɗauki mahaifiyarmu kamar ita ta haife ta. Ita ta yi wa ƙanwata gara. Mama kuwa har ta rasu duk Kirsimeti sai na haye gada na kai mata kaza, duk Sallah sai ta aiko a karɓar mata nama. Garin nan an raba shi biyu, kowa ya koma ɓangaren nasa, kuma gidaje da yawa da kuke gani a Rigasa da Sabon Tasha haka aka haɗa su, da ragowar mutane. In marubuta suna neman labarin waɗanda ba jini ya haɗa su ba, ba sai sun ƙirƙiro ba.

Hajiya_Kakuri
Allah ya jiƙan mahaifinka ɗana. Na san zamanin. Ga rikici, ga masaƙu suka bi suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masaƙar KTL ta Kakuri ta tsaya a 2002. Maza da yawa sun bar gida neman abinci ba su waiwayo ba. A gidan hayarmu tukunya ɗaya muka koma ɗorawa mu huɗu, wadda ta samo ta zuba.

Maman_Iman
Allah ya jiƙansa da rahama. Na janye karin maganar a kanka. Amma a kan yarinya mai shekara 16 ina nan a kan bakana.

Ɓoyayyiya
Na canja suna don akwai waɗanda suka san ni a nan. Ni na yi zaman da kuke karantawa, shekara 6. Nawa ba shi da kamfani a Dubai. Shi ma an cuce shi yana yaro, ya sha ba ni labari yana kuka, kuma wannan kukan ne ya zaunar da ni, don duk sanda ya dake ni sai in ce ba shi ba ne, abin da aka yi masa ne. Gida in na kai ƙara a ce in yi haƙuri. Wadda ta fitar da ni maƙwabciyata ce mai sayar da ƙanƙara, ta ɓoye mini takarduna da kayan yara a cikin firizarta da ta lalace, muna kai su ɗaya-ɗaya har sati 3.

Abin da zai ba ku mamaki, har yanzu ina karanta littattafan. A cikinsu ne kawai na taɓa ganin an rubuta yadda mace take gane irin daren da za a yi daga yadda aka turo ƙofa. Ba a faɗar wannan a wa'azi, ba a faɗa a gidan biki. In na zo wajen sai in ji ashe ba ni kaɗai ba ce, ba kuma hauka nake ba. Amma ina isa inda zai durƙusa sai in rufe. Nawa ya durƙusa ya fi sau 10.

Sista_Rahma
@Ɓoyayyiya Allah ya ƙara miki lafiya 'yar'uwa. Ga duk mai karantawa a ɓoye: akwai cibiyoyin Salama a jihar nan da ke karɓar waɗanda aka ci zarafinsu, akwai a Kakuri da Tudun Wada, akwai Zariya da Kafanchan. Kuma tunda ana yawan rubuta wanda ya yi wa yarinya fyaɗe daga baya a aura masa ita a ce an rufa asiri, a sani a Kaduna tun 2020 dokar jiha ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda aka kama da laifin yi wa ƙasa da shekara 14. Ba sadaki ba.

Abban_Sadiq_Kawo
Na yi shiru. Amma @Sista_Rahma maganarki ta asibiti ta tuna mini da gidan nan na Rigasa da 'yan sanda suka buɗe a Satumban 2019, aka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu don a gyara su. Waɗannan yaran yanzu magidanta ne ko sun kusa. Su ne ainihin jaruman da ake rubutawa, ba mai jirgin sama ba.

Alƙalamin_Jidda
@Ɓoyayyiya na karanta naki sau uku. Wanda nake rubutawa yanzu saura feji kamar 12, kuma na riga na tsara zai zo ya durƙusa ranar suna. Yanzu ban san yadda zan yi da shi ba. In na bar ta a gidan da ta samu, mutum 200 da suka biya za su cinye ni ɗanya.

Zee_Malali
Ki bar shi ya durƙusa mana, amma ta ce sai ya yi shekara yana zuwa Barnawa tukuna. Kowa ya samu nasa.

Ɓoyayyiya
Ya je don kansa. Kada ki sa ta zauna jiransa.

Malam_Unguwar_Sarki
Sulhu alheri ne in an cika sharuɗɗansa, kada mu rufe ƙofar tuba gaba ɗaya. Akwai waɗanda suka gyaru, na sani da idona.

Hajiya_Kakuri
Akwai Malam, amma ba a feji biyu ba.

Ummu_Haidar
Kai, ban zaci abin zai kai nan ba. Na gode kowa. Maganar ƙanwata, na kira ta ɗazu in ce mata sai ta ƙara girma, sai ta ce mini ai ta riga ta karanta tun satin jiya a wayar ƙawarta a Islamiyya, so take kawai ta sake bin babin naƙudar. Na tambaye ta wa ta fi so a littafin, ina jiran ta ce mijin. Ta ce bakaniken, kuma haushinta ɗaya da ba a faɗi ko an mayar masa da ƙyaurensa ba.

Maman_Iman
A wayar ƙawa, a Islamiyya? Bari yarana su dawo yau.

Fati_Mando
To ni dai har yanzu ba wanda ya faɗa mini sunan littafin. Zan biya wallahi.